Gangaren Gidan Kawu

A tsakiyar damina yayana ya zo hutu daga Faransa, bayan shekarun da Mama ta gaji da jira. Mu biyu ta haifa, shi ne babba, ni kuwa ina nan Kafanchan tare da ita, ina ɗinki a shagona kusa da kasuwa. Da motar haya ta tsaya a ƙofar gida, sai ga direba yana fama da wani faffaɗan kwali da aka ɗaure a saman mota. Maƙwabta suka leƙo, kowa ya yanke cewa talabijin ce irin mai cin rabin bango. Yaya ya tsaya a kan direban yana ta cewa a hankali, a hankali. Mama da ta taso da gudu har ta kusa zamewa a taɓo, ita bai ce mata a hankali ba.

Da aka yanke igiya aka buɗe, keke ne. Keke fa. Mutum ya haye teku, ya yi karatu, ya samu aiki, ya dawo garin da kowane gida akwai mataccen keke jingine a bayan kicin, wai ya kawo keke. Kuma wane irin keke. Taya sirara kamar ɗan yatsa, ba kariyar ɗaukar kaya, ba ƙararrawa, sirdin bai kai tafin hannu ba. Na ɗaga shi da hannu ɗaya na ce, "Yaya, sauran yana cikin akwati ne?" Bai yi dariya ba. Ya karɓe abinsa ya kai ɗaki, ya jingine shi da tsumma tsakaninsa da bango don kada ya kuje.

Tun safe Mama ke fama da tuwon acha da miyar karkashi. Muna ci da yamma, shi kuwa yana ba mu labarin wani tsohon gari kusa da inda yake aiki, mai ganuwar dutse da majami'ar da ta girmi kakannin kakanninmu. Wai kewaye da garin duk tuddai ne, a hau a gangara, ga gonakin inabi da alkama. Wai an fitar wa masu keke hanyoyinsu, kowace da alamarta a jikin ƙarfe, wannan ta masu koyo, waccan ta masu ƙarfin ƙafa. Mutane na tasowa daga wasu ƙasashe don wannan kawai. Ka fita da safe, ka ratsa ƙauyuka, ka dawo inda ka tashi.

Mama ta ce, "Su sayo me?"

Ya ce, "Ba sayayya ba ce, Mama."

"To su gai da wa?"

"Ba kowa. Zagayen ne kawai. Daɗin abin ke nan, ba mai tare ka a hanya."

Mama ta dube ni, ni kuma na dubi tuwona. A iya sanina dai, magidancin da zai fita ya zaga daji ya dawo, ba saƙo ba gaisuwa, sunansa ake kai wa fasto a sa shi cikin addu'a.

Sai ya ce ai ƙasarmu ta fi tasu kyau, mu ne ba mu san abin da muke da shi ba. Tun yana can ya zana hanyarsa a waya: daga Kafanchan ya nufi Madakiya, ya bi ta wajen ruwan da ke zubowa daga dutse, ya zago yana hangen duwatsun Kagoro, ya dawo gida. Da jin Madakiya fuskar Mama ta washe.

Madakiya garin su Mama ne, kuma can Kawu yake, wanta uwa ɗaya uba ɗaya. Babanmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu muna ƙanana, Kawu ne ya tsaya mana. A kan baƙin kekensa yake kawo mana masara da doya duk kaka. Lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da Yaya, yana hutu a wurinsa, Kawu ne ya goya shi da zane ya tuƙo shi cikin ruwan sama har asibiti. Shi ya koya masa keke ma, yana riƙe da kariya yana bin sa a guje. Yanzu ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, haske da inuwa kawai yake bambancewa. Tun da aka ce Yaya na tafe yake aiko 'yan okada su tambaya ko ɗansa ya sauka. Ɗana yake ce masa, ban taɓa jin ya ce ɗan ƙanwata ba.

Mama ta ce, "Madalla. Gobe sai ka fara da Kawunka."

Yaya ya ce a'a, ba a zuwa wurin Kawu hannu rabbana. Zai sayo kaya, ya ɗauki mota, mu tafi gaba ɗaya ranar Asabar ɗin ƙarshe kafin ya koma, a yi abin yadda ya kamata. Mama ta kwashe kwanuka. Ba ta son ta fara musu da baƙon da ko wanka bai yi ba.

Washegari da sassafe ya fito daga ɗaki, saura kaɗan kofin kunu ya suɓuce mini. Shekaruna nawa ina ɗinki, ban taɓa ganin inda aka yi wa mutum rowar yadi irin wannan ba. Baƙin wando ya tsaya a cinya, ya manne masa kamar ledar alale. Riga mai ruwan lemo, ita ma haka. Hular kwano mai huji-huji, da 'yar kyamara a goshinta. Takalman ba a ma iya tafiya da su, yana taka siminti suna ƙwas-ƙwas, yana tafe kamar agwagwa. Mutum da furfura a gemu, a gaban uwarsa. Mama ta kawar da kai ta shige kicin.

A wajenmu, duk wanda ya iya keke ya san abu guda. In ka hango babba na gidanku a bakin hanya, sauka kake yi. Ba rage gudu ba, ba ɗaga hannu ba. Ka sauka tun daga nesa, ka turo keken da hannu, ka cire hula, ka rusuna, ka tambayi gida da gona da ƙafar da ke ciwo. Sai ya sallame ka, sannan ka tura gaba kaɗan kafin ka hau. Ko 'yan okada da ba su da ta ido suna sauke ƙafa. Yaya ya san wannan sarai, don wanda ya koya masa hawa shi ya koya masa sauka.

Gidan Kawu kuwa a bakin hanya yake, a gindin wani dogon gangare, daidai inda hanya ke gama sauka ta fara hawa wani tudun. Akwai mangwaro a ƙofar gidan.

Wata Bafulatana ce ke kawo mana nono, rugarsu na bayan Madakiya. Ita ta fara kawo labari. Ta sauke ƙwarya ta ce wa Mama, "Inna, ɗanki ne mai rigar lemo? Na gan shi ya wuce ƙofar tsoho kamar an biyo shi. Har shanunmu sun firgita." Mama ta ce wataƙila bai gane wurin ba ne, gidaje sun canja. Da Bafulatanar ta sake zagayowa, ta kawo sauran. Ta ce an gaya wa tsoho ɗansa ne ke wucewa kullum, yanzu tun safe ake fito masa da kujera gindin mangwaro, kuma da rigar coci yake zama. Mama ta karɓi nonon ta ajiye, ba wanda ya taɓa shi ranar.

Da rana Yaya ya dawo, taɓo ya zana masa layi daga wando har ƙeya, yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa. Mama ta bari ya sha ruwa tukuna.

Ta ce, "Ta gaban Kawunka kake wucewa?"

Ya ce, "Ina ɗaga masa hannu, Mama. Kullum."

Na ce, "Makaho kake ɗaga wa hannu?"

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda bai je makaranta ba. Ya cire takalmi ɗaya ya juya mana ƙasansa, ya nuna wani ɗan ƙarfe. Wai takalmin maƙalewa yake yi a jikin feda, sai an murɗa ƙafa kafin ya saki. Wai agogonsa na auna gudunsa da bugun zuciyarsa, in ya tsaya lissafin ya lalace. Wai kuma gangaren nan shi ne daɗin hanyar duka, da gudun da ya kwaso a kansa yake haye tudun gaba, in ya ja birki a gindi da me zai hau? A Faransa ma, in ji shi, da wuya ka samu gangare irinsa.

Sannan ya kawo wadda yake gani ta fi ƙarfi. Ya ce, "Ku da kanku kuna kawar da kai in na sa kayan nan. Ta yaya zan tsaya gaban Kawu a haka?"

Na ce, "Ashe ka san abin kunya ne. Tsayawa da su ce rashin ladabi, wucewa da su kuwa ladabi ne? Mutumin nan ba ya gani, Yaya. Muryarka yake jira, ba wandonka ba. In ba za ka tsaya ba, ka canja hanya mana."

Ya ce babu wata hanyar mai irin wannan gangaren.

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ko ƙafa ɗaya ka sauke, ɗana. Ka ce Kawu ina kwana, ka wuce abinka." Ya dafa kafaɗarta ya ce ta kwantar da hankalinta, yana shirya wa Kawu ziyarar da Madakiya ba ta taɓa gani ba. Na yi tsaki na koma shago. Wallahi da ƙanena ne da na mare shi.

Mama ce ta sha kunyar. A zumuntar mata, wata tsohuwa da ta yi aure daga Madakiya ta tare ta bayan addu'a ta ce, "Sannu da baƙo. An ce jirgin Faransa ba ya tsayawa a ƙananan tashoshi." Mata suka sunkuyar da kai suna gyara ɗankwali. Mama da ba ta taɓa fashin zumunta ba, mako na gaba ta ce ƙafarta na ciwo.

Ni dai na ce sai na gani da idona. Akwai wata rigar Kawu da na gyara wa wuya, na ɗauka na hau okada da sassafe. An yi ruwa da asuba, ko'ina kore shar, masara ta fi mutum tsawo, hazo na kwance a kan duwatsu. Gaskiya ƙasar tana da kyau, wannan kam Yaya bai yi ƙarya ba. Na sami Kawu a gindin mangwaro cikin farar rigar cocinsa da hula, sanda tsakanin gwiwoyi. Kusa da shi akwai wata kujerar da ba kowa a kai, da kwano a rufe. Na durƙusa na gaishe shi da yarenmu, ya shafa kaina ya gane ni. Na nufi kujerar zan zauna, ya ce in ɗauko benci, wannan ta yayanki ce. A cikin kwanon dafaffiyar gyaɗa ce, abin da Yaya ke kuka a kai yana yaro.

Muna cikin hirar gona sai ya ɗaga yatsa. Ni ban ji komai ba tukuna. Ya ce, "Ga shi nan." Can na jiyo wani ɗan zuuu daga saman gangare, kamar ƙudan zuma ya shiga ɗaki. Kawu ya dafa sanda ya fara miƙewa. Ya ɗaga hannu sama, ya kira Yaya da sunan da yake kiransa tun yana goye. Rigar lemo ta gifta, kai a sunkuye, baya a gantsare. Na ga ɗaga hannun da ake faɗa: yatsu ne ya ɗan ɗaga daga kan keken, ko hannun bai saki ba. Kafin Kawu ya gama miƙewa, ya kai rabin tudun gaba.

Kawu ya tsaya a haka, hannu a sama, yana fuskantar inda ƙarar ta riga ta bari. Da ya zauna ya ce, "Ya yi ƙiba?"

Na ce lafiyarsa ƙalau.

Ya ce, "Yana da gudu. Ni na koya masa." Ya laluba kwanon ya miƙo mini, ya ce in kai masa kafin ta yi tsami.

Na yi kuka a bayan ɗan okada har Kafanchan, kukan haushi. Na dangwarar da kwanon gaban Yaya na ce daga Kawu. Ya zauna ya cinye tas, yana cewa irin wannan gyaɗar babu ita a Faransa.

Ba a daɗe ba Kawu ya daina sa a fito da kujera. Yaya ne ma ya kawo mana labarin, yana goge kekensa da tsumma. Ya ce, "Kwanan nan ba na ganin Kawu a waje. Ko lafiya?" Mama ta tashi ta shige ɗaki.

Asabar ɗin ƙarshe ta zo. Yaya ya ɗauki mota mai sanyi, ya cika but ɗinta da bargo da rediyo da buhun shinkafa da kayan shayi. Ya sa kwat har da ɗamarar wuya. Da muka isa, mutane suka taru a ƙofar gidan Kawu, ba don murna ba, don su ga yadda za ta kaya. Kawu na zaune a ɗakinsa cikin tsohuwar rigar gona. Yaya ya durƙusa har ƙasa, ya kakaro gaisuwa da yarenmu, wanda ya yi tsatsa a bakinsa amma dai ya fito.

Kawu ya amsa da Hausa. Ya ce, "Sannu da zuwa. Yaya hanya? A kawo ma baƙo ruwa."

Na ji Mama ta ja numfashi. A gidan Kawu, Hausa ta kasuwa ce da coci da baƙin hanya. Da ita yake magana da mai sayen citta da ma'aikacin allura. Tunda nake ban taɓa jin ya yi wa jininsa Hausa a cikin ɗakinsa ba. Aka kawo ruwa a kofin gilashi a kan tire, wanda ake fito wa fasto da shi. Kawu ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin ƙasar Turawa, ya shafa bargon ya yi godiya sosai. Ya juya ya tambayi Mama ƙafarta da yare, ya tambaye ni shago da yare, ya koma kan Yaya da Hausa. Ko sau ɗaya bai ce ɗana ba. Ya yi addu'a Ubangiji ya mayar da baƙo lafiya, muka ce amin.

Da za mu tashi ya ce, "Kekena yana nan a zaure. Ya tsufa, amma birki yana kamawa." Yaya ya yi dariya ya ce ai yanzu an ci gaba, Kawu.

A mota ya miƙe ƙafa ya sassauta ɗamarar wuya. Ya ce, "Kun gani? Duk kun ɗaga hankalinku a banza. Kawu bai riƙe komai ba." Mama na kallon waje, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Muna hawa tudun ya taɓa direba ya nuna masa baya, ya ce ya dubi gangaren nan da kyau, a kan keke ne ake jin daɗinsa.

Ya naɗe kekensa a kwali ya koma. Daga can ya turo mana bidiyon da kyamarar hularsa ta ɗauka, ya sa masa kiɗa da rubutun Faransanci, wai abokan zagayensa sun ce lalle sai sun zo. Ban ko buɗe ba.

Ana cikin haƙar citta Kawu ya rasu. Ya kwanta da zazzaɓi ne, bai tashi ba. Da aka zo shirin jana'iza aka nemi hoton da za a sa a takardar sujada, aka rasa. Kawu bai taɓa son hoto ba, guda ɗayan da ke akwai kuwa ruwa ya cinye fuskar. Sai na tuna da bidiyon. Na kai wa mai shagon buga takardu, muka bi shi sannu a hankali: masara, duwatsu, shanu na watsewa, sai gangare. Ya tsayar da shi a daidai mangwaron. Ga Kawu cikin farar riga, bai gama miƙewa ba, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a sama, baki a buɗe yana kira. Ga kujerar da ba kowa a gefensa, ga kwano a rufe. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi saboda gudu, amma shi ne.

Na kai wa Mama, na ce in ba ta so a bari ba hoto. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "A sa wannan."

Ranar jana'iza majami'a ta cika har waje. Kowa ya karɓi takarda ya duba, ya sake dubawa, ya ninke ta a hankali. Babu mutumin Madakiya da bai san wannan mangwaron da wannan kujerar ba. Yaya bai samu zuwa ba, aiki ya riƙe shi. Na ɗauki takardar a waya na tura masa.

Da yamma ya kira, muna tsakar gidan Kawu ana wanke tukwane. Ya yi ta'aziyya, ya tambayi yadda taro ya tashi. Sannan ya ce, "Hoton nan ya yi kyau ƙwarai. Kamar yana gai da wani. A ina kuka samo shi?"

Na ce, "Kai ka ɗauka, Yaya."

Na jira, ina jin numfashinsa daga can Faransa. Mama na zaune a kan tabarma kusa da ni, na miƙa mata wayar. Ta girgiza kai ta ci gaba da ɓare gyaɗar da za a dafa wa masu zaman makoki.